Ki Fara da na Baya

Arlit, 4 ga Satumba 2022

Yaya Halidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen da kuke tare a can wurin haƙar zinariya. Mu nan sai godiyar Allah. Tarin Inna ya yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta koma yi mini faɗan gishiri ya yi yawa a miya. 'Ya'yanka duk lafiya. Bashar ya ƙara tsawo, wandon da ka bar masa ya tsaya a ƙwauri. Hansai ta yi famfara, haƙori biyu na gaba, ta ce in gaya maka kada ka yi mata dariya in ka dawo. Fatahu nawa yana nan yana bin su kamar jela.

Tunda wayarka ba ta shiga a Tchibarakaten, zan ba Ousmane direban kamyon ruwa wannan takarda. Magana biyu gare ni.

Ta farko ta farin ciki ce. Sunan babbar 'yarka Maryama ya fito a jami'ar Agadez, za a fara rajista farkon Oktoba. Ranar da ta gani ba ta yi guɗa ba, ɗaki ta shiga ta ɗauko hoton mahaifiyarta, Allah Ya ji ƙanta, ta zauna da shi a cinya har la'asar. To amma ka san tafiya ba ta yiwuwa hannu rabbana. Tana bukatar katifa da akwati da 'yan suturu, kuma an ce karatun da za ta yi sai da kwamfuta, ordinatar ɗin nan. Ga kuma na bayanta, Bashar da Hansai, hutun makaranta ya ƙare, komawa lakwal ta matso, babu littafi babu takalmi.

Ta biyu ita ce motarka da yaran suka laƙaba wa Damisa. Abokinka, Baban Fatahu, ya rantse ba bas ne zai kai Maryama ba, shi zai kai ta da kansa a motar ubanta. Ya yaye mata tampol ranar Juma'a, ya sa batir, ta tashi da bugu ɗaya, har tantabarun maƙwabta suka watse. Tayoyin gaba lafiyarsu ƙalau. Na baya ne suka cinye, ɗaya har waya ta leƙo.

Ya je wurin Mano mai taya, na bakin tasha. Mano ya ce iri biyu ne. Akwai masu araha a shagonsa yanzu, sababbi ne ba a taɓa hawa ba, sai dai sunansu ba sananne ba ne, kuma faɗinsu bai kai na motar ba da ɗan kaɗan. Akwai kuma na asali, irin waɗanda ta zo da su, sai an aiko daga Yamai, kwana goma ko fi, kuɗinsu kuwa ya kusa ninka na farkon sau huɗu. Ni dai malamar lakwal ce, alli na sani ba taya ba. A idona dukansu baƙaƙe ne masu zagaye. Abin da ke hannunmu ba zai ɗauki komai da komai ba, shi ya sa na ce ba za a taɓa kome ba sai na ji daga bakinka.

Inna ta ce ka rage shan shayi ba ci. Allah Ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Radiyya

*

Tchibarakaten, 13 ga Satumba

Radiyya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, na ji daɗin labarin Maryama har na kasa cin abinci. Ousmane ya riga ya tada mota, ayarin ba ya jiran kowa, a kan gwiwata nake rubutu. Ga saƙo nan a hannunsa, abin da na tara ne. Ki fara da na baya, su ne abin da ya tsaya mini a rai. Kada a yi ƙyashin kuɗi a kansu, a nemi mafi kyau, sauran ya jira. Cikakken bayani yana tafe. Ki gaishe da Inna da mijinki Ramalan.

Halidu

*

Tchibarakaten, 15 ga Satumba

Radiyya ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida gaba ɗaya. Shekaranjiya na rubuta miki kamar wanda kura ta biyo, yau na samu zama. Aikin injunan wuta ya yi yawa, ƙura tana toshe su kullum, idanuna ma suna ɗan ƙaiƙayi, amma ba abin damuwa ba ne. Ki ce wa Hansai ni ma haƙorina ɗaya yana girgiɗi, sai mu yi wa juna dariya.

Bari in yi miki bayanin motar nan, ki karanta wa Ramalan, ko da yake shi direba ne, ya san rabin abin da zan faɗa.

Na san mutane sun ce wauta na yi da na saye ta. Shekara ashirin da biyu ina gyaran injuna a mahaƙar yuraniyom ta Akokan, da aka rufe ta kowa ya sayi fili ko ya buɗe shago, ni na sayi motar injiniya Bature mai silinda takwas. Amma shekara shida ni nake gyara masa ita, na san kukanta kamar na ɗana. Ita kaɗai ce abin da na fito da shi daga wurin nan ban da tari. Nufina in Maryama ta zauna da gindinta a jami'a in sayar, in dawo gida in buɗe gareji.

Damisa ba irin motocin tasha ba ce. Ƙarfinta a baya yake sauka, shi ya sa aka yi mata tayoyin baya sun fi na gaba faɗi. In tayar gaba ta fashe, direba yana da sitiyari a hannunsa, zai iya kokawa da ita. In ta baya ce, gindin motar ne yake juyowa ya wuce kanta, kuma babu sitiyarin da ke riƙe gindi. Ga nauyi, ga hanyar Agadez da kika sani, rami nan tsakuwa can, ga gudron, kwaltar nan da ke tafasa da rana tsaka. Taya mai araha tana iya shekara biyu a ƙarƙashin ƙaramar mota cikin gari, ba ta ce uffan ba. A ƙarƙashin wannan, kan doguwar hanya, zafi yake dafa ta daga ciki, ido ba ya gani.

Kada kuma kalmar "sabuwa" ta ruɗe ku. Ramalan ya duba gefen tayar, akwai lamba huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta ce. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle wadda ta sha ranar Arlit a ƙofar shago. Akwai kuma harafi ɗaya bayan lambar girma, shi ne iyakar gudun da za ta iya ɗauka. Ya gwada da na tsofaffin, in bai kai ba ya bar su.

Saboda haka a aiko da na asalin daga Yamai. In ba su iso kafin ranar rajista ba, Maryama ta hau bas kamar 'ya'yan kowa, ba abin kunya ba ne. Ordinatar da littattafai su ɗan jira, ƙarshen Oktoba zan sake aikowa in Allah Ya yarda.

Ki ce wa Ramalan na san shi, tun muna samari a Damagaram ba ya ganin hanya miƙaƙƙiya ƙafarsa ta yi haƙuri. Zan ba Alkassoum mai kamyon garin fulawa wannan, gobe zai tashi.

Yayanki,
Halidu

*

Arlit, 22 ga Satumba

Yaya Halidu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka. Ousmane ya iso ranar Lahadi, saƙo ya zo cif, Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa 'ya'yan nan su rama maka.

'Yar takardarka na karanta wa Inna sau biyu. Da na zo wurin da ka ce in fara da na baya, su ne suka tsaya maka a rai, sai ta share ido ta ce, "Halidu ke nan. Bai taɓa fifita ƙarfe a kan jininsa ba." Ni ma na ji sanyi, don gaskiya ina tsoron ka ce a zuba kuɗin duka a taya yara su koma lakwal da silifas. Cikakken bayanin da ka ce yana tafe bai iso ba tukuna, amma na gane nufinka, kuma na yi yadda ka ce.

Ban yi musu ƙyashi ba. Bashar da Hansai sun samu littattafai da takalma masu ƙwari da jaka kowa tasa. Maryama ta samu katifa da akwati da atamfa uku. Ordinatar kuwa wani malamin lise, babbar sakandare, shi ne ya raka mu muka zaɓo mai kyau. Yaya, da ka ga yarinyar nan lokacin da aka buɗe kwalin! Sai da ta wanke hannu kafin ta taɓa. Yanzu a ƙarƙashin matashinta take ajiye ta, Hansai ko kallo sai ta nemi izini.

Da abin da ya rage Baban Fatahu ya sa masu arahar nan na wurin Mano. Sun zauna daram, sai ƙyalli suke. Ya zaga da mu har Akokan ya dawo, Inna a gaba tana riƙe da ƙofa tana salati. Ya ce in ka dawo ka ga ba su yi maka ba sai a canza.

Sun tsayar da ranar Asabar, ɗaya ga Oktoba. Ya ɗauki hutun kwana biyu a wurin aiki. Za su sauka gidan yayarsa 'Yargata a Agadez, ita za ta riƙa duba Maryama. Ka sa su a addu'a.

Ƙanwarka,
Radiyya

*

Tchibarakaten, 2 ga Oktoba

Radiyya,

Salam. Yanzun nan Ousmane ya miƙo mini takardarki, ban ko zauna ba. Tayoyi nake nufi, Radiyya! Tayoyin baya! Ina takardar da na ba Alkassoum? Ba ta iso ba har yau?

Na je wurin mai wayar Turaya, ta tauraron ɗan adam, na kira Ramalan sau huɗu, a kashe. Na kira ki, tana ƙara ba a ɗauka. Ina gaya wa kaina kina aji ne, sai na tuna yau Lahadi.

In Allah Ya sa an ɗaga tafiyar, kada motar nan ta bar Arlit. In sun riga sun isa, Ramalan ya bar ta a gidan 'Yargata ya dawo a bas, ni zan san yadda zan yi da ita. Ba faɗa nake yi miki ba, abin da kika saya wa yara kin kyauta. Ki dai aiko mini da kalma ɗaya cewa sun sauka lafiya. Akwai wata mota da za ta fito yau da la'asar, ita zan ba wannan.

Halidu

*

Arlit, 14 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Inna tana nan, ba ta cin abinci sosai. Yara lafiya. Ni ma ina nan.

An ce an same ka ta Turaya ranar Litinin an faɗa maka. Amma waya ba ta ba da labari, sai dai ta yanke mutum. Ina so ka ji yadda aka yi daga wurina.

Sun tashi bayan sallar asuba. Maryama ta sa atamfarta sabuwa, ta rungume ordinatar a ƙirji ta ƙi a sa a but. Baban Fatahu ya fita har ya tada mota, sai ya dawo ya leƙo kicin ya ce, "Malama, in taho miki da cuku?" Na ce ya taho da shi, kada ya manta kamar wancan karon. Ya yi dariya ya fita. Ban raka shi ƙofa ba, koko yana kan wuta.

Sauran labarin, direban wata kamyo da ke bayansu ne ya faɗa. Wajen ƙarfe goma sha biyu, kafin mararrabar Tchirozérine, inda gudron ya ɗan yi kyau. Ya ce ya ga motar ta ƙara gudu ta ba shi rata, can sai ya ji ƙara kamar bindiga, ya ga baƙin abu ya kwance daga tayar baya ta dama kamar an feɗe fata. Gindin motar ya juyo, ta bar hanya, ta yi juyi uku. Da ya iso ya tarar da Maryama a ciki tana kiran Tonton, kamar yadda yaran ke kiran Baban Fatahu. Shi kuwa yana kwance can gefe. Ya ce ya ɗaga kansa ya ba shi ruwa bai iya sha ba, ya yi kalmar shahada, ya tambaya ko yarinyar tana da rai. Aka ce masa tana da rai. Shi ke nan.

A Agadez aka rufe shi, kafin magariba. Ban gan shi ba, Yaya. Sai hularsa da agogonsa aka kawo mini cikin leda.

Maryama ta karye a cinya da ƙugu. An yi mata aiki, 'Yargata ce a wurinta. Likita ya ce za ta taka, amma ba bana ba. Ni ina takaba, ba ni da halin zuwa, sai ta waya muke kuka.

Wayar da ka ce ka kira ba a ɗauka, tana cikin ɗaki, gidan cike da masu gaisuwa. Doguwar takardarka ta iso ranar sadakar bakwai. Alkassoum da kansa ya kawo, ya ce kamyonsa ce ta karye a hanya, suka yi kwana goma sha tara suna jiran ƙarfe. Ya durƙusa a ƙofar gida yana ta ba da haƙuri, bai ma san abin da ke ciki ba. Na karanta ta a bayan ɗaki. Kowane layi kamar kana tsaye a bakin hanyar kana kallon abin da zai faru. Har gindin motar da ka ce zai juyo.

Na ɗauko 'yar gajeriyar na ajiye kusa da ita. Na karanta ta ya fi sau ɗari. Yanzu in na duba, taya kawai nake gani a ciki, na rasa yadda aka yi na ga yara. Da ka ƙara kalma ɗaya, Yaya. Harafi huɗu ne kawai.

Fatahu yana tambaya ko Agadez ta fi Makka nisa, tunda Babansa bai dawo ba.

Radiyya

*

Tchibarakaten, 3 ga Nuwamba

Radiyya,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah Ya ji ƙan Ramalan, Ya sa can ta fi masa nan, Ya raya Fatahu. Ina gaishe da Inna. Jikina lafiya.

Zan gaya miki abin da na yi, ko da za ki ƙara jin haushina. Na fito. Ayarin farko da ya tashi bayan labarin na bi, na wuce Agadez kai tsaye. Kwanana shida a can. Kullum da safe ina zuwa kabarinsa, daga nan in wuce asibiti.

Maryama ta rame, amma hankalinta yana nan. Kwana biyu ba ta yarda mun haɗa ido ba. A rana ta uku da 'Yargata ta fita wanke kwano, sai ta kama hannun rigata ta ce, "Baba, ni na kashe Tonton." Na ce wane irin zance ne wannan. Ta ce tun daga Arlit a hankali yake tafiya, har kamyoyi suna wuce su, yana tsayawa yana taɓa tayoyin da hannu. Ta gaji, ta ce masa, "Tonton, wannan Damisa ce ko kunkuru?" Ya yi dariya. Da suka hau wurin mai santsi ya ce, "To, bari ki ji muryarta sau ɗaya, ki ba ƙawayenki labari." Ta ce tana tafi tana dariya lokacin da abin ya faru.

Na ce mata kwanansa ne ya ƙare, kuma ko da gudu ko ba gudu tayar nan ta riga ta dahu. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa. Ta roƙe ni kada in gaya miki. Ga shi na gaya miki, don ba na so ki ji a bakin wani, kuma na san ke ce za ki iya cire mata wannan ƙaya, ni ban iya ba.

Na je inda jandarma suka ajiye motar. Tayar hagu tana nan ba ta fashe ba. Na durƙusa na share ƙurar na duba lambar. Shekararta bakwai da yi. Na kira masu sayen ƙarfe na ce su ɗauke ta daga gabana, abin da suka bayar na miƙa wa 'Yargata na magani.

A hanyar dawowa na sauka Arlit. Takardarki tana aljihuna, Ousmane ya ba ni ita a Agadez. Na zo har kan layinku da hantsi. Na tsaya wurin mai shayin nan na kusurwa, ina hango ƙofar. Na ga Fatahu ya fito da kwano, na ga Hansai ta biyo shi tana gyara masa riga. 'Yata ce, wata bakwai ban gan ta ba, amma ƙafata ta ƙi. Me zan ce miki? Kin riƙe mini 'ya'ya uku tun rasuwar uwarsu, ba ki taɓa ce mini kin gaji ba. Mijinki ya ɗauke su kamar nasa. Ni kuma abin da na saka muku da shi ke nan: motar da na saya don jin daɗin raina, da takardar da na yi ƙyashin kalma ɗaya a cikinta. Kin yi gaskiya, harafi huɗu ne. Minti ɗaya Ousmane zai jira ni da na ce ya jira.

Na koma tasha na hau motar da ta kawo ni nan. Zan ci gaba da aiko da abin da ya samu, har da na Fatahu, muddin ina numfashi. Ban ce ki yafe mini yanzu ba.

Halidu

*

Arlit, 21 ga Nuwamba

Yaya Halidu,

Wa alaikumus salam. Inna ta fara cin tuwo. Da na gaya mata ka zo har kan layi ka juya, sai ta tashi ta shiga ɗaki. Hansai ban gaya mata ba, kuma kada ka taɓa gaya mata. An kawo Maryama gida ranar Alhamis, kwance a bayan mota. Jiya ta zauna da kanta ta jingina da bango. Na yi mata maganar da ka ce. Na ce mata duk wanda ya san Tontonta ya san ba sai an zuga shi ba. Ta yi kuka a cinyata har ta yi barci. Ordinatar ko tsagewa ba ta yi ba, amma ta ce a kai ta ɗakin Inna, ba ta son ganinta tukuna.

Layin nan na harafi huɗu da na rubuta maka, ban rubuta shi don in kore ka ba. A ranar ina neman wanda zan ɗora wa ne, don kaina ya gaji da ɗauka. Ni ma da na tambayi wani, da na jira doguwar takardar, da duk haka ba ta faru ba. Ka karanta shi kamar hukunci, ni kuwa kuka ne na yi da alƙalami.

Yanzu ga abin da ban sani ba sai makon jiya. Mano mai taya ya zo gaisuwa, bayan kwana arba'in, ya ce kunya ce ta hana shi. Ya zauna a zaure, ni ina bayan labule, Inna a tsakani. Ya ce akwai maganar da ta hana shi sakat. Wai kafin a sa tayoyin, Baban Fatahu ya je shagon shi kaɗai, ya juya su ya duba lambar, ya ce, "Mano, waɗannan sun kwana biyu." Mano ya ce ya gaya masa gaskiya tsofaffin ajiya ne, ya bari a aiko da na Yamai. Sai ya ce masa, "Na san abin da Halidu yake nufi, tayoyi yake nufi, shekara talatin muna tare. Amma Malama ta riga ta gaya wa yara, yarinyar nan har ta zaɓi ordinatar. Ba ni zan shiga gida in ce a fasa ba. A hankali zan je in dawo, sai a jingine motar har a samu na ƙwarai. Kada ka gaya wa Malama."

Ya sani, Yaya. A gabansa na karanta takardar, yana zaune yana shan shayi, ya bar ni ina murna. Ya sani tun ranar.

Tun da Mano ya tafi na rasa inda zan sa kaina. Wani lokaci in ji kamar an sauke mini dutse, wani lokaci in ji wani irin haushi ya taso mini. Da ya faɗa mini, da na mayar da atamfar, da na ce yarinya ta hau bas, da an yi ɓacin ran kwana biyu ya wuce. Ya zaɓi kada fuskar kowa ta canza, ya bar ni da Fatahu. Mata suna shigowa suna cewa mutumin kirki ne, ba ya son ɓacin ran kowa. In ce haka ne. Ba wanda zan iya gaya wa cewa abin da ya kashe shi ke nan.

Ba kuɗinka nake so ba, kai nake so ka zo. Maryama za ta fara koyon tsayuwa wata mai zuwa, likita ya ce sai da mai ƙarfi a gefenta, ni da Inna ba za mu iya ba. Bashar ya daina magana a gida. Injunan can za su samu wani makaniki.

In ka zo kada ka tsaya wurin mai shayi. Ka shigo ka zauna a tsakar gida, kuma kada ka ce mini in yi haƙuri, duk garin nan an faɗa mini. Shekara goma sha ɗaya ina aure da abokinka ban taɓa ɗaga masa murya ba. Yanzu ina da faɗan da zan yi masa, mai yawa, kuma kai kaɗai ne za ka ji ina yi ba ka ce na daina son sa ba.

Ƙanwarka,
Radiyya